Hanyar da Zan Ɗauko Ki daga Bira

Zuwa ga Tenriola, sanyin idona, inuwar kwakwata da tsakar rana, iskar teku mai shigowa ta taga ba sallama,

Gaisuwa daga Makassar, daga mijinki da ya shimfiɗa taswira a teburin cin abinci kwana huɗu ke nan, har Mama ta koma cin shinkafarta a baranda.

Saƙon ungozomarku ya iso ni: jaririn ya kwanta a gicciye, gara ki baro tsibirin Selayar ki haihu a babban asibiti a nan birni, kuma kada mota ta jijjiga ki a hanya. Na tsorata, ba zan ɓoye miki ba. Amma wa ya fi mai awon hanya irina sanin yadda za a kawo matarsa gida lafiya?

Ko da yake na san dariya za ki yi. Kin tuna ranar da na fara zuwa ƙauyenku aikin awo, na tsaya a bakin rafi ina neman gadar da taswira ta nuna? Kina shanya kifi, ko ɗago kai ba ki yi ba kika ce, "Daeng, gadar nan tun ina goye ruwa ya tafi da ita. Amma in takardarka ta ce tana nan, bismillah, haye." Na tuɓe takalmi na ratsa ruwan, na fito jiƙe har ƙugu, zuciyata kuwa ta tsaya a gaɓar da kike, har yau ba ta hayo ba.

Ga abin da na tsara, farin watana. Daga tashar jirgin ruwa ta Bira, inda za ki sauka, hanya biyu ce zuwa nan. Ta kan duwatsu, in an ɗora rula, kamar ta fi kusa. Sai na ari jan zaren ɗinkin Mama, na bi kowace lanƙwasar hanyar da shi, na miƙe shi a kan ma'aunin taswirar. Ashe ba ta rage komai ba, ga hawa ga gangara. Ta bakin teku za mu bi, kilomita kusan ɗari biyu, a shimfiɗe. Sau huɗu za mu tsaya: Bulukumba ki miƙe ƙafa, Bantaeng mu yi azahar, Jeneponto ki kalli gonakin gishiri suna ƙyalli, Takalar in saya miki dafaffiyar masarar nan da kike ta ambato tun cikin yana wata uku.

Duk da haka hankalina bai kwanta da takarda kaɗai ba. Ranar Lahadi na ari motar kawu, na cika kwano da ruwa, na ɗora shi a kujerar da za ki zauna, na je Bira na dawo. Mama tana bakin ƙofa ta ce, "Kai dai Rewa, Allah ya shirye ka. Maza na fita da matansu, kai da kwano." Sau biyu ruwan ya zube, duka bayan Jeneponto inda ake gyaran titi. Wani mai sayar da gishiri ya nuna mini hanyar da ta zagaye wurin ta cikin ƙauyensu. Ta ƙara kilomita shida. Na bi ta, ko ɗigo bai taɓa kujerar ba.

Wata biyar rabona da fuskarki. Ina auna nisan garuruwa duk rana, amma da me zan auna wannan?

Ina roƙonki, ki shiga jirgin safe ranar Alhamis tare da yayarki, ki zauna a tsakiya inda igiyar ruwa ba ta kaɗawa sosai, kada ki ɗauki ko jakar hannu. Da jirgin ya tsaya za ki gan ni, ni ne na farko a bakin gadar saukowa daga jirgin, da matasan kai uku a hammata. A hankali zan tuƙa, duk mai sauri ya wuce mu.

Naki yau, naki ranar da za mu dawo ta wannan hanya mu uku, naki har ƙarshen numfashina,

Daeng Rewa