Tsamiya da Gishiri a Ɗakin Gwaji

Pune, 4 ga Yuli

Yaya Aniruddha,

Gaisuwa mai yawa. Ya sabon aiki, ya matarka Ketaki? Tunda ka zama lakcara ka manta da mu.

Ni dai ina nan inda ka bar ni. Shekara biyu ke nan ina cusa wa jan ƙarfe iskar kabon da lantarki, ina jiran ya ba ni etilin, iskar nan da ake yin roba da ita, mai yawa kamar yadda ya ba ka a maƙalarka. Ko rabin naka ban samu ba. Farfesa Ranade ya ce ba zai sa hannu a kundin digirina ba sai na maimaita sakamakonka. Jiya cewa ya yi, "Hannunki ne bai iya ba." Abokan karatuna duk sun gama, ni ko gida kunyar zuwa nake ji. Na gaji, Yaya. Akwai abin da ba ka rubuta ba?

Ƙanwarka a wajen aiki,
Mrunmayi

Bhopal, 19 ga Agusta

Mrunmayi,

Ina gaishe ki. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Akwai. A watan da na yi gwajin, asid ɗin wanke ƙarfe ya ƙare, masu sito kuma suka yi ta ja min rai. Sai na goge faifan jan ƙarfen da tsamiya da gishiri, yadda Innata ke goge tasoshin ibada. Da sakamako ya fito, Farfesa ya kira kowa ya raba alewa. Sai na rubuta asid a maƙalar, ban ambaci tsamiya ba.

Da ita na samu aikin nan. In maganar ta fita za a janye ta, a kore ni. Ki rufa min asiri.

Naki,
Aniruddha

Pune, 2 ga Satumba

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Na sayo tsamiya a kasuwa na gwada. Etilin ya zo, har ya ɗan fi naka.

Farfesa ya duba takardar sakamakon ya ce, "Me kika canja?"

Na tuna Ketaki tana da ciki. Na ce, "Ba komai, ranka ya daɗe."

Murna ta kama shi. Ya ce abin da ya ƙi shekara biyu sannan ya yi, dole akwai dalili, kuma shi ne zai zama babin ƙarshe na kundina. Ya ƙara min shekara ɗaya in gano shi.

Gobe zan fara nema. Ka gaida gida.

Mrunmayi