Fulawar Baba a Bakin Katanga

Asabar, 3 ga Fabrairu
An kawo Baba, mahaifin maiɗakina. Idonsa ya tafi gaba ɗaya, likita ya ce babu sauran aiki. Kayansa jaka guda ne, sai wata fulawa mai ƙaya a rabin durom. Ya ƙi shiga ɗaki sai da aka sauke ta. Ni dai na ajiye masa ita a tsakar gida, suruki ne.

Lahadi, 11 ga Fabrairu
Ya dasa ta a bakin katanga, inda rana ke daɗewa. Da tafin hannu ya nemo wurin, yana shafa bulo yana jin ɗumi. Na karɓi shebur na yi masa rami. Da na kai hannu zan kakkaɓe ƙasar saiwar ya riƙe ni. "A'a, ɗana. Ba ta son a taɓa mata ƙafa."

Talata, 20 ga Fabrairu
Na dawo daga shagon walda na tarar ya aske ta tas da almakashi. Kara ne kawai a tsaye. Na ce a raina tsohon nan ya kashe abarsa.

Laraba, 6 ga Maris
Ba ta mutu ba. Tsiro ko'ina.
Na tsaya ina kallon yadda yake bin reshe da yatsa, yana tsallake ƙaya kamar yana ganinta. Ni da idona biyu ta soke ni jiya.

Juma'a, 22 ga Maris
Rigima a gida. Baba ya hana a ba ta ruwa, maiɗakina ta ji tausayinta ta riƙa zuba mata a ɓoye. Ya tsoma yatsa a ƙasa ya kira ta da sunan yarinta, wanda ko ni ban taɓa ji ba.
"Kuluwa, ke ce?"
"Baba, ganyen fa ya yi laushi."
"Bar shi ya yi. In ta ƙoshi ganye za ta yi miki, sai ta ji ƙishi take fure."
Na shige banɗaki na yi dariyata.

Litinin, 8 ga Afrilu
Ta yi fure! Ba ƙamshi ko kaɗan, siriri kamar takarda. Baba ya ce da kunne ya fara sani, wai in iska ta kaɗa ƙarar ta bambanta da ta ganye. Ya tambaye ni launi, na ce ja.
"Wane irin ja?"
Na ƙura wa furen ido. Can na ce kamar ƙarfe in ya fara hucewa daga wuta. Ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya ce ni zai riƙa tambaya, don 'yarsa abin da zai faranta masa take faɗa.

Asabar, 13 ga Afrilu
Baba ya faɗi. Ya yi tuntuɓe da bakin kwata yana hanyar zuwa wurin fulawar, goshi ya fashe, an yi ɗinki. Ina wurin aiki aka kira ni.

Talata, 16 ga Afrilu
Yaya, babban wan maiɗakina, ya zo. Ya ce zai tafi da Baba ya zauna a wurinsa, hawa na uku, ba tsakar gida ba kwata. Gaskiya yana da hujja. Maiɗakina tana kuka ta amince. Baba bai yi musu ba, abu ɗaya ya ce: a riƙa ɗaure wa fulawar sabon reshe kafin ya yi tauri.
Tun ranar da ya faɗi bai fito ba. Furen yana zuba a ƙasa, ba mai sharewa.

Asabar, 27 ga Afrilu
Na rufe shago da wuri. Akwai ragowar fayif na ƙarfe da ke cin min wuri, shi ya sa. Na kafa abin dafawa daga ƙofar ɗakinsa har bakin katanga, na rufe kwatar da farantin ƙarfe. Na goge kowace walda da hannu don kada ta karce shi.
Da Yaya ya zo da mota don ɗaukar Baba na tare shi a ƙofa. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ka duba wannan tukuna." Ya jijjiga ƙarfen da ƙarfinsa, bai motsa ba. Ya dube ni, ya ce to a gwada a gani.

Alhamis, 2 ga Mayu
Baba ya fito shi kaɗai, hannu a kan fayif. A kowace gaɓa sai ya tsaya ya shafa. Bai yi godiya ba, na kuwa ji daɗin hakan. Da ya isa sai ya miƙo min almakashin.
"Zo nan. Hannuna yana rawa tun faɗuwar nan."
Ya ɗora yatsana a kan wani ɗan kumburi a jikin reshe, ya ce in yanka sama da shi kaɗan, a karkace. Ni da nake yanka ƙarfe kullum, sai da na yi gumi.
Na makara zuwa shago. Na ce wa abokin aikina cunkoson hanya ne.