Turken Jirgin Ban-Ruwa

Gayam, Birnin Gwari

Maman Salim,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Salim da duk mutanen gida a Zariya. Yaya ƙafar Inna?

Kin tambayi abin da ya raba ni da shagon walda. Wakili ne, shugaban masu noman rani na nan, ya kira ni aiki. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga mutane sun koma gonakin bakin kogi, sai suka ɗora injin ban-ruwa a kan jirgin ƙarfe saboda gaɓar tana zaftarewa. To, ruwa yana jan jirgin, igiya ba ta riƙe shi, tiyo ya yi ta fizgewa, ga tumatir yana yaushi.

Na ce a yi masa turke: dogon bututun ƙarfe a kowane gefe, a zura shi ta cikin gajeren bututu mai faɗi da ke jikin jirgin har ya caki laka. So na yi in liƙe komai da walda. Wakili ya ƙi, wai sai dai noti da ƙusa, don duk ranar da babura suka fito daga daji a zare a tafi. Raina ya ɓaci, Karima. Na gaji da aikin da ake yinsa da shirin gudu.

Ki gai da Inna.

Mijinki,
Habibullahi

Maman Salim,

Bayan gaisuwa da fatan mura ta saki Salim.

Jirgi ya tsaya cak. Amma a gwajin farko na zare shi laka ta riƙe turken, ni da Yero mai kula da injin muka ja har bayanmu ya ƙage. Sai na sa masa zobe da sarƙa, da doguwar sanda da ake dannawa ya taso.

Ran Talata muka ji ƙarar babura. Ni da na fi kowa musu, ni na fara kai hannu ga sandar. Kafin su iso muna tsakiyar ruwa. Ashe masu sayen tumatir ne daga kasuwa. Babu wanda ya yi dariya. Muka dawo, muka sake kafawa, Yero ya tayar da inji.

Tumatir ya nuna, kuma na gyara rufin ɗakinmu. Ki taho bayan Juma'a, ku biyo motar safe. Amma gado da akwatunanki ki bar su wajen Inna tukuna. Ki ɗauko abin da za ki iya riƙewa da hannu ɗaya, ɗayan na Salim ne.

Allah Ya kawo ku lafiya.

Naki,
Habibullahi