Za A Yanke Rufin Motar Da Muke Kwana A Ciki

Assalamu alaikum Goggo Kadijatu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, don a garinmu kowa ya san kowa. Ƙarshen watan nan za a yanke rufin motarmu, ni kuwa tun da aka sa ranar nake cikin tsoro.

Kada ki ji na ce mota ki ɗauka ta yawo ce. Ita ce ɗakinmu, ita ce shagonmu. Mu mutanen wajen Randagi ne. Da zama ya gagara a ƙauyenmu, abin da muka tsira da shi ke nan, tsohuwar bas ƙirar hayis da maigidana yake sayar da maganin dabbobi da gishirin shanu a cikinta. Ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katako da katifa, kwalayen magani suna ƙarƙashi. Ranakun kasuwa mukan bi ayarin motoci zuwa inda hanya ta yi sauƙi, makiyaya su saya, mu juyo da sauran rana. Kwana kuwa a cikin gari muke yi, a farfajiyar injin niƙan Baba Enoch, wani dattijon Gbagyi abokin marigayi surukina. Allah ya saka masa, bai taɓa nuna mana ya gaji ba. Gidan yana da doguwar katanga da get na ƙarfe, nan kaɗai nake barci har da minshari.

To ni doguwa ce, Goggo. Tun muna yara ƙawayena Falwaya suke kirana. Ga ciki ya fara nauyi. A cikin motar nan a duƙe nake ɗaura zane, a duƙe nake girki in ana ruwa, salla ma a zaune nake yi ba don raina ya so ba. Farfajiyar kuwa tun safe cike take da maza masu kawo niƙa, ba inda mace za ta miƙe ta sake. Wallahi wani lokacin har ɗoki nake yi mu iso get, saboda ni ce mai sauka in duba masa sama. Tsakanin rufin motar da lintar da ke saman get ɗin bai wuce tafin hannu ba, ƙarfen ɗora kaya ma sai da ya cire shi. Wannan 'yar tsayuwar ita ce hutun bayana.

Na yi mita, na yi kuka, har bawan Allah ya je wajen Suhaibu mai walda. Suhaibu ya ce abu mai sauƙi ne kuma shi ya fi araha: zai yanke rufin gaba ɗaya daga saman tagogi, ya ɗaga shi kamu guda a kan fayif na ƙarfe, ya rufe gefen da langalanga. Maigida ya ba da kafin alƙalami. Yanzu duk wanda ya gani sai ya ce masa bene zai gina wa matarsa, yana dariya. Rabon da in ga haƙoransa a waje tun muna gida.

Ni kuwa makon jiya a tasha na ga wata bas da aka yi wa irin wannan aikin. Da ta faɗa rami sai da ta yi tangaɗi kamar za ta kwanta. Kin san hanyarmu ta daji ba a tsayawa, ba a tafiyar hawainiya. In tamu ta kife ko walda ta ɓalle a tsakiyar dajin nan, wa zai tsaya mana? Ga damina, in ta fara yoyo magani ya jiƙe. Ga kuma idon mutane. Motar da ta fi kowace tsawo a ayari ai ita infoman ɓarayin daji zai fara nunawa, a ce mai maganin shanu ya yi kuɗi. In motar nan ta lalace ba mu da ɗaki, ba mu da abinci, ga haihuwa tana tafe.

Na kasa buɗe baki in ce a fasa. Ni na tayar da maganar, kuma don ni yake yi. In na yi shiru ina tsoro, in na yi magana zan kashe masa jiki. Akwai wata hanya mai sauƙin kuɗi da zan miƙe tsaye ba tare da an kashe motar ba? Ko in haƙura in ci gaba da duƙawa?

Doguwa mai ciwon baya, Birnin Gwari.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya kawo muku sauƙi, ya mayar da ku gidanku lafiya.

Mitarki ba laifi ba ce. Mace mai ciki da ke wuni a duƙe tana da haƙƙin ta nemi tsayuwa, kuma ki faɗi ciwon bayan nan a wajen awo. Mijinki ma ya kyauta, kada ki bari tsoro ya hana ki yaba masa. Suhaibu kuma abin da aka tambaye shi ya amsa.

Amma tsoronki yana kan hanya. Na kai maganarki wajen wani mai gyaran bodin mota da na yarda da shi. Ya ce rufi da ginshiƙansa su ke riƙe da jikin mota, in an datse su sai ta zama kamar kwalin da aka yanke wa murfi. Kuma duk nauyin da ya hau sama yana ƙara mata saurin kifewa.

Sai dai akwai abin da kika faɗa da bakinki ba ki ji shi ba. Kin ce tsakanin rufinku da lintar Baba Enoch tafin hannu ne. In an ɗaga rufin kamu guda, ta ina motar za ta shiga? Ranar da kika miƙe tsaye a cikinta, ranar za ku fara kwana a bayan katanga.

Ga abin da ya fi. Ba duk motar kike bukatar tsayuwa a cikinta ba, wuri ɗaya ne. A buɗe 'yar ƙofa a rufin, daidai faɗin tsayuwar mutum, tsakanin ƙarafan da ke tallafe da rufin, kada a taɓa su. A ƙarfafa bakinta, a samo murfi wajen 'yan gwangwan wanda ya ɗan fi ramin faɗi, a sa masa hinjis irin na ƙofa da roba saboda ruwa. Gefensa a ɗinka tamfol da gidan sauro. In kun tsaya ki tokare shi sama, in za ku tashi ki sauke ki kulle, motar ta koma kamar kowace. Suhaibun nan zai iya, kafin alƙalaminku bai faɗi ba. Kafin nan, ki roƙi Baba Enoch ya bar ku ku kafa zana a jikin motar ta ɓangaren katanga. Tsayuwa a ƙasan Allah kyauta ce. Batun salla a zaune kuma ki tambayi malami, addinin nan yana da rangwame ga mai lalura.

Shi kuwa maigida, kada ki ja shi da gardama. Gobe in kun iso get kin sauka, ki samo karan dawa kamu guda, ki ce ya fito ya tsayar da shi a kan rufin, a ƙarƙashin lintar. Ki yi shiru ki bar shi ya duba. Shi da kansa zai koma wajen Suhaibu.

Allah ya sauke ki lafiya, 'yata, ya ba ki ɗakin da za ki goyi jaririnki a tsaye.