Kada Ka Kashe Motar

Abdulwahab,

Na tafi Tudun Wada sayo kan batir. Tsohuwar motar sojan nan tana ƙofar gida a kunne, don Allah kada ka kashe ta. Sai da mutum tara suka tura ta yau, saura kaɗan ta kwashe katangar Malam Usman.

Na gano ciwonta. Ba kik ba ne, ba kuma iska ce ta shiga gas ba. Duk asubar da ba wuta, Baba yana ba ladan aron batir ɗaya na motar don lasifikar masallaci. In ladan ya dawo da shi, da hannu Baba yake ɗaure kan batir ɗin, ba sufana. Ladan ne ya faɗa mini, har yana godiya.

Masu tumatir suna jiranmu kafin azahar. Sun ce in muka sake makara ya ruɓe, sun bar mu ke nan.

Ka yafe mini faɗan da na yi maka jiya a gaban mutane a kan motar nan. Baba kuwa, kada ka ce masa uffan. Sati uku ke nan yana roƙon Allah ya tona asirin mai yi wa motar nan hassada.

Yayanka,
Bahago