Maƙeri Ya Ɗaga Kan Kekena

Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya iyali da mutanen Salaga?

Keken da na saya wurin wani Bature, kan keken, wato wurin riƙewa, a lanƙwashe yake ƙasa. Kullum ina duƙe, bayana na ciwo, yatsuna ba sa kai birki. Ran Juma'a a unguwar Tudu saura kaɗan in ture wata mai kifi. Maƙerin zangonmu ya ce, "Kawo in juya maka shi sama." Yanzu birki na kusa, ina zaune a miƙe. Da na hau, sai na tuna yadda kake ɗora ni kan jakin Baba, kana riƙe da ni. Wallahi sai da na tsaya na share hawaye.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Inna.

Ƙaninka,
Garba