Yatsan Da Igiyar Koma Ta Cinye

Zuwa ga mai kula da rabon hatsin agaji na ƙasar Haɗeja.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ne Bukar, tsohon masunci daga bayan Guri. Ban yi boko ba. Mai rubuta wasiƙa na biya a bakin kasuwa, na ce ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara.

Na ɗaya. Duk tsakiyar damina, in rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, ana ba tsofaffi gero kwano shida. Bana aka ce baitulmali ba kuɗi, aka mai da shi uku. Na haƙura. In babu, babu.

Na biyu. Saboda ƙarancin, aka ce sai an dangwala yatsa, kada wani ya karɓa sau biyu. Ruwa ya cinye hanya, na biya kuɗin fito na zo. Na dangwala na dama, tawada ta fito dunƙule, babu zane. Na hagu ma haka. Akawu ya ce doka ba ta karɓar wannan. Ranka ya daɗe, shekara hamsin ina jan igiyar koma, tarun kamun kifi, ita ta goge zanen. Aka ce in shafa man shanu kwana bakwai. Na shafa, na koma har sau biyu, zane bai fito ba. Zuwana uku ke nan.

Na uku. Tun zamanin Bature nake biyan haraji, takardun suna nan a naɗe cikin gora. Ba a taɓa duba yatsana ba ranar karɓar haraji.

Abin da ya rage mana irin shinkafa ne a tulu, na liƙe bakinsa da laka. Matata Falmata ba ta gani, amma kullum sai ta shafa murfin. Jiya ta ce in fasa shi mu ci. In muka ci shi, baɗi ba shuka.

Roƙona, a bar dagacinmu ya shaide ni, ya san ni tun yana yaro. Ko a karɓi yatsan Falmata, nata da zane. In duk ba hali, a aiko a faɗa mini, in daina ɓata kuɗin fito. Zan riƙe tulun zuwa Juma'a. Bayan nan ban yi alkawari ba.

Allah ya ƙara girma, ya bar maka yatsunka yadda ya ba ka su.

Wassalam.

Bukar Masunci, bayan Guri.
Ga yatsana a ƙasa, a duba.